Yadda waina ta hana a yanka injin Baba Ishaya

Wallahi sai da na tsaya na sake kallon hannuna! Ƙarfen da zan yi rabin awa ina jibga da guduma kafin ya lotsa, juyi ɗaya na yi wa hannun injin, na ji dum, na ɗaga, ga rami nan sumul kamar da laka aka yi shi. Tun da na sa bidiyon ake ta turo min saƙo: "Mubarak, ashe abin ba wuya." "Mubarak, ni ma zan nemi irinsa." To ku zauna ku ji. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, aikin kuwa sati biyar ya ci, kuma saura ƙiris a yanka injin a ɗora shi a sikeli.

Ni ba ɗan gidan maƙera ba ne. Babanmu malamin makaranta ne, yayana kuma ma'aikacin gwamnati, a gidansa nake zaune a Gwarinpa. A waya na koyi ƙira. Murhuna na farko tsohon rim ɗin mota ne, zugazugina kuma abin busar da gashi na matar yayana, wanda har yau ba ta yafe min ba. Shekara biyu ina ƙera wuƙaƙe da ƙugiyoyin rataye kaya a bayan gida, har maƙwabta suka kai ƙarata wurin Yaya saboda ƙarar guduma. Shi ya sa na fara neman wuri a Gwagwalada, inda nake sayen gawayi.

A can na ga injin, a wani shago da ƙofarsa rabi a buɗe. Ga wanda bai taɓa gani ba: gangar jikinsa ƙarfe ne zubi guda, ya lanƙwaso kamar wuyan raƙumi, an ɗaure shi a kan teburin ƙarfe. Wani ƙaton sukuru ya ratsa ta kansa. A saman sukurun akwai doguwar sanda a kwance, kowane ƙarshe da ƙwallon ƙarfe mai nauyi. Ka wurga sandar, nauyin ƙwallayen ya juya sukurun, sukurun ya sauko da ƙarfi ya danne duk abin da ka sa a ƙasa. Ba lantarki, ba fetur, ba ruwansa da ɗauke wuta.

Mai shi Baba Ishaya ne, dattijo ɗan asalin wajen, wanda ya yi shekaru yana buga pata da maƙallan tagogi da shi. Ciwo ya taɓa masa ɓarin hagu, yanzu sai dai ya zauna a kujerar roba a bakin shago. Ya ga na tsaya ina kallo, ya ce, "Kai yaro, kallo ne ko saye?"

Na ce, "Baba, yana aiki?"

Ya ce, "Injin nan ta girme ka, ta girmi babanka. Lafiyarta ƙalau. Haƙora ne ba ta da shi."

Haƙoran da yake nufi su ne ƙarafan da ake ɗaura wa injin, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su ke ba ƙarfe siffa. In ba su, injin ƙaton banza ne. Nasa suna cikin wani akwati, shekarar da aka yi rusau a inda tsohon shagonsa yake. Injin dai sun samu sun jawo shi da mutum shida, akwatin kuwa ya bi ƙasa. Daga nan Baba bai sake miƙewa daidai ba, ga ciwo ya biyo baya.

Muna cikin magana 'yarsa ta iso, Anti Rahila, nas ce, da kayan aikinta a jiki. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce wani mai kemis zai karɓi shagon ƙarshen wata mai zuwa, ita ke ɗauke da maganin Baba, ba za ta bar shago ya zauna yana gadin tsatsa ba. Ta riga ta yi magana da Sale mai gwangwan, zai zo da gas ya yanka injin gida huɗu, don ba ya ɗaukuwa a haka.

Na ce, "Anti, in na tashe shi fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka tashe shi ya yi me? Ka ga, ni ba na son dogon turanci. In mutum ya tako da ƙafarsa ya ce yana son abin da injin nan ya yi, ba ɗan uwanka ba, ba abokinka ba, ba don tausayin Baba ba, zan sa a mayar da shi rumfar baya ka ci gaba. In ba haka ba, Asabar ɗin ƙarshen wata Sale zai zo."

Aikin farko shi ne sukurun. Ya ƙame ƙam. Kwana uku ina ɗiga masa kalanzir da baƙin mai, ina ɗan girgiza sandar, kafin ya yi wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa ya motsa. Sai ga matsala ta biyu: ƙwallo ɗaya ne a kan sandar. Na tambayi Baba ina ɗayan, ya ce ya manta. Na zagaya bayan gida zan wanke hannu, sai ga shi a kan akurkin kaji, an danne kwanon rufi da shi don kada iska ta yaye. Shekara nawa yana can, ba wanda ya sani. Na sa musu bulo biyu a madadinsa.

Sai kuma tambayar me zan ƙera da mutum zai tako ya nema. Pata da maƙallai na kanti sun cika kasuwa. Amsar a Jabi na same ta. Kullum kafin in hau motar Gwagwalada ina tsayawa wurin Inna Ladi mai waina, a gefen tasha. Ta san ina ƙira, "maƙerin waya" take ce min. Ran nan na lura tandarta ta ƙarfe ta huje a rami biyu, ta bar su ba ta zuba ƙullu. Na ce me ya sa ba ta sayi sabuwa ba. Ta ce na kasuwa na yanzu na gorar ruwa ne, wato alminiyam, ba sa riƙe zafi, waina ta fito fari fat kamar mara lafiya. Wannan wani maƙeri ne ya buga mata da hannu tun tana amarya, ya rasu.

Na ce, "Inna, zan yi miki."

Ta ce, "Kai? To Allah ya sa wayar da caji."

Yanzu ga abin da masu cewa ba wuya ya kamata su ji. Don a yi ramin tanda ana bukatar haƙori biyu: na sama mai zagayayyen kai wanda zai danna, na ƙasa kuma zobe wanda ƙarfen zai lotsa a cikinsa. Na tafi panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, na yini. Na sama, na samo guntun shaf na babbar mota, kaurinsa ya kai damtsena. Yadda nake gane ƙarfe mai kyau shi ne in taɓa shi da giranda, injin goge ƙarfe, in kalli tartsatsin: in dogo ne ja ba reshe, ƙarfen rodi ne, ba zai jure ba, in yana fashewa kamar taurari, a nan ƙarfi yake. Na ƙasa kuma na ɗauki zoben wani ƙaton boris na tayar mota, don na ga faɗinsa daidai bakin waina.

Shaf ɗin sai da na rage masa wutsiya ta shiga ramin da ke ƙasan sukurun, inda ake ɗaure shi da noti ta gefe. Ramin awon Turawan da ne, ba ya daidai da komai na yanzu, ni kuma ba ni da injin fiƙe ƙarfe. Da giranda na yi. In goga kaɗan, in shafa baƙin tukunya a jiki, in tura. Inda baƙin ya goge, nan ne ya cije, in sake gogewa. Kwana biyu cur a kan wutsiya kawai. Kan kuma na zagaye shi kamar rabin lemo, yadda na gani a bidiyo, na goge shi har ina ganin fuskata.

Zoben boris ɗin ne ya fara koya min hankali. Na ɗora shi haka nan yadda na sayo shi. Na gasa farantin ƙarfe ya yi ja, na aza a kai, na wurga sanda. Sai na ji tas! Zoben ya tarwatse gida uku, wani ɓalli ya wuce ta gefen kunnena ya huda kwanon bango. Baba ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ka gama?"

Na ce, "Baba, ai da ka faɗa min."

Ya ce, "Ka tambaye ni? Wayarka ka tambaya."

Boris ƙarfe ne da aka riga aka ƙeƙasar da shi, yana da tauri amma ba ya jure duka, kamar kwalba yake. Sai an kashe masa taurin tukuna. Na koma panteka na samo wani. Wannan karon na gasa shi har mayen ƙarfe ya daina kama shi, na binne shi cikin toka mai zafi, ban tono shi ba sai washegari. Na gwada da magagari, ya ci shi kamar sabulu. Sannan na zagaye bakinsa na ciki, don in ka bar shi da kaifi yanka farantin zai yi maimakon ya lotsa shi.

Farantin kansa, don Allah ku kula, abinci za a ci a kai. Ban da ƙarfe mai farin shafe irin na kwanon rufi, ban da durom ɗin da ba ka san me aka zuba a ciki ba. Ni baƙin ƙarfe na samo, kaurin milimita uku, na ƙone shi na kankare tas.

Ranar da na yi ramin farko ita ce ranar bidiyon nan. Abin da ba ku gani ba shi ne rami na biyu da na uku, da farantin ya murɗe kamar ganyen da ya sha rana. Kowane rami yana jan ƙarfe daga maƙwabcinsa. Faranti biyu na ɓata kafin na gane sai an fara da na tsakiya, a bi na gefe ɗaya nan ɗaya can tsallake, kuma bayan kowane rami a mayar da shi wuta a daddale. Rana ta ashirin da shida na gama tanda mai rami bakwai, na yi mata hannu biyu da walda, na shafa mata man gyaɗa na gasa ta yi baƙi siɗik. Na rungume ta a mota har Jabi kamar jaririya.

Inna Ladi ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Nauyinta ya yi." Ta ɗora a wuta, ta zuba mai, ta kamfato ƙullu ludayi ɗaya ta zuba. Ƙullun ya tafi can ƙasa ya zauna, rami ko rabi bai cika ba. Ta ƙara ludayi na biyu. Muka jira. Da ta sa cokali za ta juya, cokalin ya kasa shiga ƙarƙashi, wainar ta yage. Waje ya ƙone, ciki ɗanye.

Ta ce, "Maƙerin waya, wannan rijiya ka haƙa min ko tanda?"

Wani direba da ke jiran waina ya ce, "Inna, ki ba shi ya kai wa masu alkubus."

Aka yi ta dariya. Ta sauke ta, ta mayar da tsohuwarta mai huji. Ta ce, "Kai ba ka taɓa kallon waina ba sai dai ka ci? Cikinta ba ƙwallo ba ne. Ramin a kwance yake, gefensa a zube, yadda cokali zai zame ya shiga. Ludayi ɗaya, waina ɗaya. Haka na gada."

Saura kwana tara. Na tsaya ina kallon tsohuwar tandar, ina tunanin yadda zan auna ramin, ga ta kan wuta, ga layi, ba za ta ba ni aro ba ko na awa ɗaya. Sai ta kwashe zubi na gaba ta jera a faranti, na ga bayan kowace waina ya ɗauko siffar ramin da ta fito ciki, sak. Na ce ta ba ni uku, daga ramin da ta fi so.

Ta ce, "Da miya ko da sukari?"

Na ce, "Haka nan. Ba ci zan yi ba."

Ta ce, "Yau na ga ikon Allah."

A shago na bar su suka huce, na raba ɗaya biyu da reza, na kwantar da rabin a kan kwali na zana bayanta da biro, na yanke. Wannan kwalin shi ne ma'aunina. Na kwance haƙorin sama, na hau gogewa. In goga, in kara kwalin, in duba inda haske ke wucewa. Duk zagayen nan da na yi alfahari da shi sai da na cinye fiye da rabinsa, kan ya koma faffaɗa kamar bayan cokali. Na ƙara masa faɗi kaɗan a lissafi saboda kaurin farantin. Baba yana kallona, can ya ce, "Sauran biyun fa?" Na miƙa masa, ya cinye ma'aunin ajiya.

Shi ne kuma ya nuna min abu ɗaya da ban gani a kowane bidiyo ba. A jikin sukurun akwai wani zoben ƙarfe da na ɗauka ado ne. Ya ce in sauko da shi in ɗaure a inda nake so sukurun ya tsaya. Da shi, ko da wane ƙarfi ka wurga sanda, zurfin ramin ɗaya ne. Na ce, "Baba, sati huɗu kana kallona ina kintace!" Ya ce, "Yau ne ka san zurfin da kake so."

Ranar Alhamis na kai tanda ta biyu. Inna Ladi ta zuba ludayi ɗaya, ya cika ramin daidai baki. Ta jira, ta sa cokali, wainar ta juya da kanta kamar tana jira. Ba ta ce ta yi kyau ba. Ta dai ci gaba da zubi, zubi na biyu, na uku, ta tura tsohuwar ƙarƙashin benci da ƙafa. Can ta ce ranar Juma'a da Lahadi layi yana mata yawa, tana son mai rami goma sha biyu, amma ba za ta sake yarda da awona ba, da kanta za ta zo ta ga injin ta nuna inda kowane rami zai zauna. Na ce Asabar da safe. Ta ce sai ta sayar da ƙullunta tukuna.

Asabar ƙarfe goma Sale ya iso da a-kori-kura da yaransa, da tukunyar gas da tiyo. Anti Rahila ta fito. Na ce mata mai saye tana hanya. Ta ce, "Tun yaushe ake hanya?" Na kira Inna, ta ce saura ƙullu kaɗan. Sha ɗaya da rabi na sake kira, ta ce sun tsaya a go-sulo wajen Giri. Sale ya ce shi fa yana da wani aiki a Zuba, ya jawo tiyonsa ciki, ya fara auna inda zai fara yanka da alli.

Baba ya kama sandarsa ta dogarawa ya miƙe, ya ja kujerar robarsa da hannu ɗaya, ya kai ta gaban injin ya zauna, ya jingina bayansa da teburin.

Sale ya ce, "Baba, a ɗan matsa mana, wuta ce."

Ya ce, "Nan ne inuwa."

Anti Rahila ta ce, "Baba, don Allah kar ka ba ni kunya gaban mutane."

Ya ce, "Ke kin ce Asabar. Asabar bai ƙare ba."

Sai wajen ƙarfe ɗaya Inna Ladi ta sauka daga kan acaɓa, da ludayinta a cikin jaka. Ko gaisawa ba mu gama ba Anti Rahila ta tare ta. "Mama, sannu da hanya. Yaron nan ɗan uwanki ne?"

Inna ta ce, "Wa? Allah ya sawwaƙe. Ta farko da ya kawo min, ko kaji aka zuba wa ruwa a ciki sai sun faɗa. Ta biyun ce ta yi. Ina injin yake? Ni sauri nake, ban jiƙa shinkafar gobe ba."

Ta wuce ta gaban Sale, ta karɓi allin hannunsa ba ta ko tambaye shi ba, ta durƙusa kan farantin da na tanada ta fara zana da'ira tana kifa ludayi. Ta ce kuma akwai wata ƙawarta a kasuwar nan Gwagwalada da ke son mai bakwai.

Anti Rahila ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ta ce, "Malam Sale, ka yi haƙuri, an ɓata maka lokaci. Amma tunda ka zo da mota da mutane, ku taimaka a mayar da shi rumfar baya. Shago dai na mai kemis ne, wannan ba canji."

Sale ya naɗe tiyonsa yana cewa, "Na zo yanka, an mayar da ni ɗan dako." Yanzu a wurinsa nake samun shaf da boris, ya ma san irin wanda nake so.

Kafin a kwance injin Inna ta ce sai ta ga an yi rami ɗaya a gabanta. Na gasa faranti, na aza, na wurga sanda da ƙarfi don in burge mutane, na sunkuya in duba. Na manta sandar tana dawowa. Ƙwallon akurkin kaji ya same ni a goshi, na zauna a ƙasa daɓas. Da na buɗe ido Baba ya ture hularsa baya yana nuna min wani tsohon lotso a nasa goshin, daidai wurin. Ya ce, "Rahila, duba mishi. In bai mutu ba gobe ya zo da wuri."

Yanzu injin yana rumfar baya, kusa da kaji. Haƙora biyar na yi masa zuwa yau, duk daga panteka: na tanda manya da ƙanana, na lanƙwasa, na huda, da wani na bakin fartanya da bai gama yi min daidai ba. Kwalin wainar yana rataye a ƙusa.

Abin da ya rage min shi ne mai rami goma sha biyun nan. Inna tana aiki da ita, amma kusurwa ɗaya ta ɗan ɗaga, sai ta sa dutse ta danne, kuma duk ranar da na je sai ta nuna min dutsen. In akwai wanda ya taɓa buga faranti mai faɗi haka bai murɗe ba, don Allah ya gaya min ta wane rami yake farawa. Ku kuma da ke da irin tsohon injin nan a bayan gidan kakanni, an ɗora masa buhuna ko an ɗaure akuya a jikinsa, ku faɗa min me yake yi a da, da abin da ya ɓace masa. Kafin ku kira mai gwangwan, ku leƙa kan akurki.